Finafinan bamfaya da yaranmu: amsar tambayoyin da iyaye suka fi yi min

Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ni malamar firamare ce, kuma na daɗe ina kallon finafinan ban tsoro tun zamanin da ake karɓo kaset haya a shago. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ɗan ƙanwata ne, shekararsa shida, suna kwance ɗaki ɗaya da yayansa sai ya leƙa wayar yayan daidai wurin da wata mata ta wage baki fiƙoƙi suka fito ta kafa su a wuyan wani mutum. Wallahi abin bai kai minti biyu ba. Yaron da ya bar fitsarin kwance tun yana ɗan uku ya dawo yi, kusan wata biyu in an yi magariba ba ya yarda ya fita tsakar gida sai da ɗan rakiya. Da na ba da labarin a taron iyaye na makaranta sai tambayoyi suka yi ta zuwa, shi ne na ce bari in haɗa su wuri ɗaya.

Malama, wai mene ne ma bamfaya ɗin nan? Aljani ne ko maye?

Ba ko ɗaya. A labarin Turawa bamfaya mutum ne da ya mutu aka binne shi amma bai kwanta ba, da rana yana cikin akwatin gawa da dare ya fito yana tsotsar jinin masu rai, wanda ya ciza kuma shi ma ya koma irinsa. Mayenmu na Hausa rayayyen mutum ne yana cikin gari, kuma kurwa ake cewa yana kamawa. Fatalwa ta fi kusa da shi tunda ita ma mamaci ce, sai dai ita ba a ce tana shan jini ba. Sauran kayan da ake jingina masa, tsoron tafarnuwa da gicciye, rashin fitowa a madubi, kashe shi da tsinin itace a ƙirji, wasu daga camfin ƙauyukan gabashin Turai suka zo wasu kuma marubuta da masu fim ne suka ƙara.

To da gaske akwai su?

Babu. Amma labarin yadda mutane suka yarda da su na gaske ne, kuma ina so iyaye su san shi don shi ne maganin da ya fi aiki a kan yaro mai ɗan wayo.

A 1725 a wani ƙauye Kisiljevo cikin Sabiya, wani manomi Petar Blagojević ya mutu, bayansa mutum tara suka bi cikin 'yan kwanaki, sai gari ya ɗauka shi ne yake dawowa. Suka tone kabarin a gaban jami'in gwamnatin Ostiriya, suka ga gawar kamar ba ta ruɓe ba ga jini a bakinta, suka soke ta suka ƙona. Irin haka ta yi ta faruwa a yankin har sai da sarauniya Maria Theresa ta sa likitanta Gerard van Swieten a 1755 ya bincika, ya ce camfi ne, ta hana tone kaburbura. Abin da mutanen suke gani kuwa abin da ke samun kowace gawa ne: iska na taruwa a ciki sai ta kumbura kamar wanda ya ƙoshi, iskar ta turo ruwa mai jini ta baki da hanci, fata ta ja baya sai farce da gashi su zama kamar sun ƙara tsawo. Mutanen da ke mutuwa a jere kuma cuta ce mai yaɗuwa. Ko a Amurka a 1892 an tone wata budurwa Mercy Brown a jihar Rhode Island saboda 'yan gidansu na ta ramewa suna mutuwa, alhali tarin fuka ne yake cin gidan.

Shi Dracula fa? An ce sarki ne na gaske.

Sunan na gaske ne, labarin ƙirƙira ne. Bram Stoker ɗan ƙasar Ailan ya fitar da littafin a 1897, ko ƙafarsa bai taɓa sawa a Transylvania, yankin da ya ce Dracula yake zaune, ba, ya ari sunan ne daga Vlad na uku da ya mulki Wallachia a ƙarni na 15, cikin Romaniya ta yau. Vlad azzalumi ne da ya yi suna wajen tsire mutane a kan itace, amma mutum ne kamar kowa, ya mutu bai dawo ba.

Yarona tun da ya kalla yake tsoron jemagun bishiyar ƙofar gidanmu.

Ki gaya masa jemagu masu shan jini iri uku ne kacal a duniya kuma dukkansu suna nahiyar Amurka, daga Mekziko zuwa kudu, su ma jinin dabbobi da tsuntsaye suka fi nema. Namu na nan mangwaro da ɓaure da ƙwari suke ci.

A taƙaice dai Malama, su kalla ko kar su kalla?

Mafi yawan finafinan bamfaya ba don yara aka yi su ba, su kansu masu yin su haka suka rubuta a jiki. Yaron da bai kai shekara 12 ba, ni a ganina babu ruwansa da duk wani na mutane, sai 'yan katun ƙalilan da zan ambata. Daga 13 zuwa 15 akwai waɗanda za a iya kalla tare da babba. Sauran na manya ne, kuma a cikinsu akwai da yawa da ko babban ma ba zan ce ya kalla ba.

Waɗannan haruffan, PG-13 da R, me suke nufi?

Tsarin Amurka ne, an fara shi a 1968. G na kowa da kowa, PG iyaye su sa ido, PG-13 akwai abin da bai dace da ɗan ƙasa da 13 ba, R ɗan ƙasa da 17 ba ya shiga silima sai da babba, NC-17 kuma manya zalla. PG-13 ɗin ma sai 1984 aka ƙirƙiro shi bayan iyaye sun yi ca a kan wasu finafinai masu alamar PG da suka firgita musu yara, ciki har da Gremlins. Ingila lamba suke sawa: U, PG, 12A, 15, 18. Na talabijin a Amurka za ki ga TV-14 ko TV-MA, na biyun na manya ne. Mu ma a Najeriya akwai hukumar tace finafinai ta ƙasa tun 1993 mai lambobinta irin su 12, 15 da 18, ga ta jihar Kano da aka kafa a 2001.

Sai dai fa ku sani ma'auninsu ba namu ba ne. Sumbata da rungume-rungume da suturar da mu ba za mu yarda a gani a falonmu ba, su a PG ma suna wucewa. Kuma ko a tsakaninsu suna saɓawa, Dracula Untold na 2014 Amurka ta ba shi PG-13, Ingila ta ce sai ɗan 15. Ni dai in na ga lamba nakan ƙara shekara biyu a kai.

Amma mu finafinan da ake tura mana ba ma ganin wata lamba.

Yauwa Alhaji, nan ne gizo ke saƙar. Fim ɗin da a ƙasar da aka yi shi sai an duba katin shekarunka a ƙofa, mu nan yaro ɗan firamare zai je wurin masu turi da 'yan canjinsa a cika masa memori, ko abokinsa ya tura masa ta Xender a bayan aji. Kafin ya iso wayar an yanke farkon da alamar take, an sauya masa suna, wani ma an yi masa fassarar Hausa an sa barkwanci a baki. Fassarar nan ita ta fi ruɗar iyaye, kina kicin kina jin Hausa na tashi yara na dariya sai hankalinki ya kwanta, alhali murya kawai aka sauya, hoton yana nan yadda yake, jinin yana nan, wuyan da aka yaga yana nan. Wasu masu fassarar suna yanke wuraren batsa, Allah ya saka musu, amma ban cika ganin an yanke wurin kisa ba don shi ne ke sayar da fim ɗin.

Ga kuma guntayen bidiyo na TikTok da Facebook, su ma wurin da ya fi muni ake yankowa. Yaro bai ga farko ba bai ga ƙarshen da aka kashe dodon ba, tsakiyar kawai ya gani, a ransa abin yana nan da rai.

Na duba babu tsiraici a ciki. Ba shikenan ba?

Wannan tambayar ita ta fi damuna don kusan kowa ita yake yi. Mu abin da muka saba tsoro a fim shi ne batsa, da an ce babu sai mu ce toh a kunna. Tsoro ba ma ɗaukarsa a bakin komai, har ma dariya ake yi wa yaro a ce matsoraci, namiji da kai. Alhali firgici ciwo ne, yana hana barci, yana hana cin abinci, kuma ni a aji nake ganin sakamakonsa, yaro na gyangyaɗi ƙarfe tara na safe in ka bi diddigi kwana ya yi ido biyu cikin gidan sauro yana kallon taga.

Wasu malamai biyu a Amurka, Kristen Harrison da Joanne Cantor, sun fitar da bincike a 1999 inda suka tambayi ɗaliban jami'a, kusan tara cikin goma suka ce akwai fim ko shirin da ya taɓa firgita su sosai suna yara ko suna tasowa, kusan ɗaya cikin huɗu kuma suka ce har lokacin da ake tambayarsu abin bai sake su ba. Manya fa, 'yan jami'a. Kuma wanda ya gani yana ƙarami shi abin ya fi daɗewa a jikinsa.

Sannan shi fim ɗin bamfaya yana da wani abu da ya bambanta shi da na aljanu ko na namun daji. Dodon kyakkyawa ne, mai kuɗi, mai iya magana, da dare yake shiga ɗakin mace, kuma cizon wuyan nan yadda ake ɗaukarsa a kyamara kusan ko yaushe da sigar sha'awa ake yi. Tun Christopher Lee a Dracula na 1958, wanda kamfanin Hammer na Ingila ya yi da kala jini ja wur, haka abin yake tafiya. Wato ko ba a cire riga ba, an cakuɗa sha'awa da jini da mutuwa wuri ɗaya an miƙa wa yaron da bai san ko ɗaya daga cikinsu ba.

Yarana uku, 4 da 9 da 13. Duk abu ɗaya ne ke ba su tsoro?

A'a Hajiya. Ɗan huɗun kama yake tsoro, mummunar fuska, jan ido, haƙora, ko da dodon mutumin kirki ne a labarin shi ba ruwansa. Abin da ya fi razana su shi ne rikiɗa, mutum yana lafiya lau sai fuskarsa ta juye. Ita Cantor ɗin ta lura da haka a kan shirin Hulk, ƙanana sun fi firgita daidai lokacin da mutumin ke komawa ƙaton kore duk da taimako yake zuwa yi. To bamfaya gabaɗayansa rikiɗa ne, kuma sau da yawa wanda ke rikiɗar uwa ce ko yaya ko aboki. Ki yi tunanin ɗan shekara huɗu da aka nuna masa cewa fuskar uwa na iya juyewa.

Ɗan taran ya san fim ne, amma ya fara gane mutuwa da rauni, shi jinin da gawar da kabarin ne za su tsaya masa, ga shi a shekarun da ake jin kunyar cewa ina jin tsoro, sai ya haɗiye. Ɗan sha ukun tsoron bai cika kayar da shi ba, shi abin dubawa a wurinsa me fim ɗin ke koya masa game da soyayya da ƙarfi da rashin tausayi.

Katun fa, irin Hotel Transylvania?

Wannan da sauƙi. Na farkon ya fito 2012 da alamar PG, Dracula ne a matsayin uba mai tsananin kaffa-kaffa da 'yarsa, ya gina otal don dodanni su ɓuya daga mutane, ko jinin mutum ba ya sha. Ɗan shekara bakwai zuwa sama zai yi dariya. Akwai dai wuraren da fuskarsa ke komawa ja ya yi ruri ba zato, da labarin yadda mutane suka ƙona gidansu matarsa ta mutu, ga soyayyar 'yar da wani saurayi, don haka ki zauna kusa. Vampirina na Disney Junior na 'yan nazire ne, haka ma bamfayan Sesame Street da aikinsa ƙirga lambobi.

Amma don Allah kar a ce duk zane na yara ne. Castlevania na Netflix zane ne, alamarsa TV-MA, ana farke ciki ana cire kai. Irin waɗannan zanen masu salon Japan su suka fi shigewa gidaje ba a sani ba.

Anti, ni shekarata 14, duk ƙawayena sun kalli Twilight da Vampire Diaries, ba su da ban tsoro fa.

Gaskiyarki ƙanwata, ba su da ban tsoro sosai, kuma Twilight na 2008 PG-13 ne. Matsalata da shi daban ce. Yarinyar shekararta 17, saurayin bamfaya ne, a fuska 17 amma an haife shi 1901. Yana shiga ɗakinta ta taga yana kallonta tana barci ba ta sani ba, yana bin ta duk inda ta je, a kashi na uku na fim ɗin har motarta ya lalata don kar ta je wurin wani abokinta, kuma duk an nuna wannan a matsayin tsananin so. A na biyu da ya tafi ya bar ta, sai ta daina rayuwa, ta riƙa jefa kanta cikin haɗari har da faɗawa teku daga kan dutse don ta riƙa ganin hotonsa a idonta. Ƙarshen burinta kuma ta bar iyayenta ta bar zama mutum saboda shi. Kashin da ya fito 2011 kuma akwai daren aure da haihuwa mai jini sosai, har da wurin da take shan jini a kofi.

In za ki kalla, ki kalli na farkon da Mama ko yayarki ku yi hirar, ki tambayi kanki in wani ya yi miki haka a unguwarku so za ki kira shi ko kuwa ihu za ki yi. Vampire Diaries kuwa zango takwas ne daga 2009 zuwa 2017, an ce TV-14 amma ga giya ga kwanciya ga karya wuya kusan kowane kashi, ni ban yarda da 14 ɗin nan ba, ki bari tukuna. True Blood kuma ko kusa, na manya ne ƙarara.

Na ga hoton ƙaramar yarinya a jikin fim ɗin, na ɗauka na yara ne.

Tarko ne babba. Abigail na 2024 yarinya ce 'yar rawa da fararen kaya, R ne, jini kamar an fasa tanki. Let the Right One In na ƙasar Suwidin, 2008, taurarinsa yara ne 'yan 12, fim ne mai kyau ƙwarai ga babba amma shi ma R. Interview with the Vampire na 1994 ma akwai yarinya a ciki. Ganin yaro a matsayin dodo ko wanda aka kama ya fi taɓa yaro mai kallo, don kansa yake gani.

Blade da Underworld ai na faɗa ne kawai, maza na so.

Na faɗa ne, amma Blade na 1998 da me ya buɗe? Gidan rawa, ana cikin kiɗa sai jini ya fara zubowa daga famfunan rufi ana wanka da shi. R ne, a Ingila 18. Underworld na 2003 R. 30 Days of Night na 2007, garin Alaska da rana ke ɓacewa wata guda, yana cikin mafi muni, har yara ba a bari ba a ciki. Sababbin nan ma, Nosferatu na 2024 da Sinners na 2025, duka R ne kuma duka akwai kwanciya. Wanda ya ɗan sassauta shi ne Van Helsing na 2004, PG-13, ɗan 14 zai iya in an jure shigar matan Dracula.

Dracula Untold da na ambata yana da wani abin daban da ya kamata iyaye Musulmi su sani: Vlad ne jarumi abin tausayi, Turkawan Usmaniyya da Sultan Muhammad na biyu, wanda ya ci Kustantiniyya a 1453, su ne miyagu. Sun yi yaƙi da gaske a 1462, amma fim ɗin ya wanke mai tsire mutane tas. Yaron da bai san tarihi ba haka zai haɗiye.

Na 'yan China masu tsalle da takarda a goshi fa?

Su dariyarsu ta fi tsoronsu yawa. Mr. Vampire na Hong Kong, 1985, gawa ce sandararriya mai tsalle hannu a miƙe, ana manna mata rawayar laya a goshi ta tsaya, ana ɗauke numfashi don kar ta gane inda kake. Ɗan 12 zai ji daɗinsa. Ƙanana kuwa gawa gawa ce a wurinsu, ga wata fatalwa mai yaudarar saurayi a ciki.

Tsofaffin marasa kala ba su fi sauƙi ba?

Ta wajen jini sun fi, Dracula na 1931 da Bela Lugosi ko fiƙa ba a nuna ba. Nosferatu na Jamus na 1922 ko magana babu, amma siffar dodon, ƙoƙon kai da dogayen farata da inuwarsa na hawa bene, ta ishi ɗan shekara biyar kwana uku. Wannan fim ɗin ne ma ya kawo cewa hasken rana na kashe bamfaya, a littafin Stoker yana yawonsa da rana.

Ta fuskar addini fa Malama?

Hukunci na malamai ne, a tambaye su. Abin da zan ce a matsayin mai kallo, akwai abubuwa uku da yaro zai ɗauka in ba a yi masa bayani ba. Na ɗaya mamaci na dawowa, alhali mun san tsakaninsa da duniya akwai barzahu har ranar tashi. Na biyu jini abin sha ne mai ba da ƙarfi da dawwama, alhali Alƙur'ani ya haramta shi a fili tare da mushe. Na uku abin da ke kore sharri gicciye ne da ruwan coci, don labarin a ƙasashen Kirista ya tsiro. Na taɓa ganin yara a filin makaranta suna haɗa yatsu suna yin alamar suna korar junansu, ba su san me suke yi ba, fim suke kwaikwayo. Iyaye Kirista da muke aiki tare su ma ba daɗi suke ji ba, sun ce an mai da alamar addininsu kayan wasan dodo.

Ai mu ma da tatsuniyar Dodo muka tashi, me ya same mu?

Tatsuniya kaka ce ke yi, kana jingine da cinyarta, Dodon kuma kai ne kake zana shi a ranka daidai yadda za ka iya ɗauka. In ta ga idonka ya raina fata sai ta sassauta murya ta sako Gizo, ƙarshe a ce ƙurunƙus a watse. Fim ba ya ganin fuskar yaro. Ƙwararru ne suka zauna da kiɗa da haske da kwalliya don su firgita babban mutum, sai ga shi a hannun ɗan shekara shida, shi kaɗai, da abin ji a kunne, cikin duhu.

Ya riga ya kalla, yanzu ba ya barci. Me zan yi?

Da farko kar a yi masa dariya kar a dake shi, kuma a ja kunnen yayyensa masu ɓuya bayan ƙofa suna yi masa gurnani. In ƙarami ne ƙasa da bakwai, dogon bayanin cewa ba gaske ba ne bai cika shigarsa ba, jikinki yake buƙata, ki rungume shi, ki bar masa tocila ko ƙaramar fitila, in ta kama ya dawo ɗakinki na 'yan kwanaki babu laifi. Ku yi addu'ar barci tare da murya, Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ya tofa a hannunsa ya shafa da kansa, yaro na samun natsuwa in ya ji akwai abin da shi ma zai iya yi.

In ya kai takwas zuwa sama, bayani na aiki sosai. Ki nemo hoton ɗan wasan yana zaune ana manna masa haƙoran roba, ki gaya masa jinin ruwan sukari ne da kala, ki ba shi labarin likitan sarauniya da gawar da ta kumbura. Ki bar shi ya faɗi wurin da ya tsaya masa da bakinsa. Ɗan ƙanwata abin da ya warware shi, zana matar ya yi a takarda muka ƙara mata gashin baki da kunnen jaki, sannan ya yayyaga.

In an wuce wata guda abin na ƙaruwa, ba ya cin abinci, ba ya son makaranta, yana firgita da ihu kullum, a kai shi asibiti a ga likitan yara. Kuma a faɗa wa likitan da duk wanda za a je wurinsa maganar fim ɗin, kar a fara neman wanda za a ɗora wa.

Me kike nufi da wanda za a ɗora wa?

Ina nufin maita. Yaro na firgita da dare yana cewa ga wata mata za ta cije shi, a unguwanninmu kun san inda zancen ke zuwa, sai a fara kallon wata tsohuwa makwabciya. Ga kuma jita-jitar 'yan shan jini da ba ta ƙarewa. Abin ba wasa ba ne, a Malawi a 2017 jita-jitar masu shan jini ta sa gungun mutane sun kashe aƙalla mutum takwas, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta janye ma'aikatanta daga wasu gundumomin kudancin ƙasar. Ba fim ne ya jawo wancan ba, amma yaron da aka cika wa kai da hoton masu shan jini a garin da dama ana zargin juna, kafin a kira sunan kowa a fara duba wayoyin gidan.

Ni ban iya Turanci sosai ba, ya zan gane fim kafin su kalla?

Ki nemi sunansa na asali, in mai turin bai sani ba kar ki karɓa. Ki sa wani ya rubuta sunan a Google, alamar shekarun na fitowa a gefe. A shafin finafinai na intanet mai suna IMDb akwai sashen iyaye da ke lissafa duk wurin jini da tsiraici da zagi, masu shafin Common Sense Media kuma suna faɗin shekarar da suke ganin ta dace. In duk babu hali, ki ja fim ɗin da yatsa ki tsaya wuri biyar ko shida, musamman minti goman farko da minti ashirin na ƙarshe, idonki ya ishe ki. Netflix na da ɓangaren yara da lambar sirri, dikodar DStv da GOtv ma ana kulle ta da lamba bisa shekaru. Amma mafi yawan ɓarnar ta wayar yaya da kawu da ɗan aiki take shigowa, don haka da su za a zauna, kuma waya ta kwana a falo.

Ɗana shekararsa 15, ya nace shi yana son na ban tsoro. In hana shi gabaɗaya?

In kin hana gabaɗaya zai kalla a gidan abokinsa, kuma wanda ya fi muni. Son jin tsoro a wannan shekarun ba cuta ba ne. Ki ce ya kawo sunaye uku, ku duba alamarsu tare, ki zaɓi mai PG-13, a kalla a talabijin ɗin falo da rana ko da yamma bayan an tura ƙananan gidan kaka ko islamiyya, rimot yana hannunki. Masu R ki ce masa sai ya gama sakandare, ki faɗa masa dalilin fim ɗin ɗaya bayan ɗaya, wannan saboda kwanciya, wannan saboda yankan yara. Sharaɗi ɗaya kuma da ba a sassautawa: ranar da ƙaninsa ya gani a wayarsa, wayar ta dawo hannunki wata guda.